Wace gudummawa laburaren jami'a zai bayar wajen ci gaba mai ɗorewa da gyaran al'umma?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina ajin ƙarshe a sashen nazarin laburare, an ba ki firojet a kan yadda laburaren jami'a zai taimaka wajen ci gaba mai ɗorewa da kawo sauyi a cikin al'umma, amma duk abin da kika samo a intanet labarin Turai ne da Amurka, gini mai ciyawa a kan rufi da kwandon shara kala-kala, har kin rasa ta ina abin ya shafe mu. To zan gaya miki yadda nake kallon lamarin a matsayina na wanda ya daɗe yana aikin laburare a jami'a, kuma amsar za ta ɗan yi tsawo, ki yi haƙuri da ni.

Abin da kika karanta ɗin yana da tushe. A watan Satumban 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa da ake fatan cimmawa zuwa 2030, kuma tun a 2014 ƙungiyar laburarori ta duniya, IFLA, ta fitar da sanarwa a birnin Liyon na Faransa tana neman a saka haƙƙin jama'a na samun bayanai a cikin muradun. An kuwa saka, yana nan a muradi na 16 sashe na 10. Daga 2016 kuma IFLA ɗin ta fara ba da lambar yabo ga laburarorin da suka yi fice wajen kula da muhalli. Wannan ya ishe ki shimfiɗa a babi na ɗaya, kar ki ɓata shafi goma a kai.

Ni dai a wurina babbar gudummawar da laburaren jami'a zai bayar a ƙasarmu ita ce ya fito da ilimin da aka riga aka samar da kuɗin talakawa, wanda ke kwance a ɗakin kundaye, ya kai shi ga mutanen da aka yi binciken a garuruwansu da gonakinsu. Duk sauran abubuwan, sola ne, dasa bishiya ne, rage takarda ne, suna da kyau kuma zan zo kansu, amma wannan shi ne wanda in laburare bai yi ba babu wani ofishi a jami'a da zai yi.

Ki nemi izini ki shiga ɗakin da ake ajiye kundayen digiri na biyu da na uku ki gani da idonki. A wani laburare da na yi aiki, kantocin sun cika tun tuni sai aka koma jibge su a ƙasa, baƙaƙe da shuɗaye da koraye, an ɗaure su da igiya goma-goma, in kika zaro na ƙasa sai ki ga gara ta yi hanya tun daga bango har tsakiyar babi na huɗu, na kusa da taga kuma feshin damina ya manne shafukan ba sa buɗuwa sai sun yage. Ki karanta kanun da ke jikinsu kawai: ingancin ruwan rijiyoyi a unguwa kaza, dalilan da ke sa mata ba sa zuwa awo a ƙaramar hukuma kaza, yadda ƙuduji ke cinye dawa a gonakin yanki kaza, rikicin burtali tsakanin manoma da makiyaya. Kowane ɗaya mutum ne ya kwashe shekara biyu ko biyar yana yawo ƙauye-ƙauye, wani ma sai da ya sayar da fili ya kammala, aka kawo kwafi ɗaya aka ajiye, shi ke nan. Shugaban ƙaramar hukumar da aka yi binciken a kanta bai san da shi ba, kuma bayan wasu shekaru wani ɗalibin zai sake yin irinsa sak domin bai san an taɓa yi ba. Wallahi wannan asarar ta fi ta takarda da wutar lantarki zafi a raina.

Maganin ba wani abu ne mai tsada sosai ba. Akwai manhajar DSpace da jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin HP suka fitar a 2002, kyauta ce, da ita jami'o'i da yawa a duniya har da namu suke gina rumbun ajiyar bincikensu a intanet. Inda ake samun tangarɗa shi ne a ba ɗan kwangila ya zo ya ɗora ya tafi da lambobin sirri, ranar da sabar, wato kwamfutar da rumbun ke kanta, ta tsaya babu wanda ya san ta kanta. Dole ma'aikatan laburaren su ne za su iya abin da hannunsu, aƙalla mutum biyu saboda canjin wurin aiki ko ritaya. Sannan majalisar jami'a ta kafa doka cewa ba a sa wa ɗalibin digiri na biyu ko na uku hannu a kiliyarans sai ya kawo kundinsa a PDF, tsofaffin kuma a bi su da sikana a hankali, a fara da waɗanda suka fi lalacewa da waɗanda suka shafi lafiya, noma da ruwa. A kula kuma da rubuta sunan gari da ƙaramar hukuma a bayanan kowane kundi, domin wanda ya rubuta sunan garinsu a wajen nema ya ga duk abin da aka taɓa bincikowa a kai. Za ki ji wasu malamai suna cewa in aka saka a intanet za a riƙa sata. Ni ban yarda da wannan ba, kundin da ke ɓoye a kanta shi ake kwafa a canja suna ba wanda zai gane, wanda ke fili kuwa manhajar gano satar rubutu tana kama shi nan take. Abin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne kundayen da ke ɗauke da sunayen marasa lafiya ko mutanen da aka yi hira da su a kan rikici, waɗannan a cire sunayen ko a jinkirta sakin su.

Amma fa ko an saka a intanet aiki bai ƙare ba, don manomin Giwa ko ungozomar Gwadabawa ba za su karanta PDF mai shafi 200 da Turanci ba. Nan ne nake ganin ya kamata laburare ya haɗa kai da sashen Hausa da sashen aikin jarida, kowane bincike da ya shafi rayuwar mutane a fitar masa da taƙaitawa ta shafi ɗaya da Hausa, da boko da ajami, a kuma karanta shi a murya na minti uku ko huɗu wanda za a iya turawa ta WhatsApp ko a ba gidajen rediyo. Ɗaliban fassara suna neman abin da za su yi firojet a kai kullum, ga aiki nan a gabansu. Kuma ba daga sama za a fara ba, a Samaru akwai cibiyar binciken aikin gona ta IAR mai fitar da ingantaccen irin masara da wake da gyaɗa da dawa, ga NAERLS da aikinta shi ne isar da sakamakon bincike ga malaman gona da manoma, sun daɗe suna shirye-shirye da Hausa. Abin da ake so shi ne irin wannan ya wuce noma kaɗai, ya shiga lafiya da shari'a da muhalli, kuma laburare ya zama wurin da ake tara su ana iya samunsu bayan shekara ashirin.

Bari in ba ki misalan da za su nuna miki nauyin abin. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda ana kawo duwatsun zinare cikin gida ana daka su ana niƙa su a inda yara ke rarrafe. Illar dalma ga ƙwaƙwalwar yaro tana rubuce a littattafan kowane laburaren koyon likitanci a ƙasar nan tun kafin a haife ki. Ba ina cewa takarda ɗaya da ta hana abin ba, talauci da tsadar zinare su ne suka tura mutane, amma iyayen yaran nan ba su taɓa jin cewa ƙurar da ke tsakar gidansu guba ce ba da harshen da suke ji. Ga kuma buhun nan mai ruɓi uku da jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro tare da masu bincike na Afirka, wanda ake ɗure wake a ɗaure iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba maganin da ke cutar da masu ci ba, duk inda labarinsa ya kai ta hanyar gwaji a gaban jama'a a kasuwa da kuma rediyo mutane sun karɓa. Haka a Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980 manoma suka koma barin kututturen gawo da sauran itatuwa suna tofowa a gona suna yi musu aski maimakon sassare su, har aka farfaɗo da ƙasa mai faɗin kusan hekta miliyan 5. Tsakanin Maraɗi da Katsina tafiyar awa nawa ce? Amma manoma da yawa a wannan ɓangaren ba su ji cikakken bayanin yadda ake yi ba, alhali rahotannin suna nan da Faransanci da Turanci.

Kuma wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu ta mayar da ilimi waƙe da Hausa da Fulatanci ta ba jajis, wato malamai mata da ta horar, suna kai wa matan ƙauye ta tsarin 'yan taru. A shekarun 1950 lokacin yaƙi da jahilci hukumar adabi ta Arewa, NORLA, a Zariya ta buga ƙananan littattafai masu arha da harsunan Arewa. Ki saka wannan a firojet ɗinki, zai fi ma'ana da misalin wani gari da ba mu taɓa gani ba.

Sai batun wuta, wanda shi ne ainihin abin da ke rufe laburarorinmu da wuri. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, sannan a Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kowane yunit daga kusan 68, jami'o'i suka shiga wani hali, janareta kuma dizal ɗinsa ba ya ɗaukuwa. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 da aka ƙaddamar a Satumban 2019 ƙarƙashin shirin hukumar samar da lantarki a karkara, amma ba kowace jami'a ce za ta samu irin wannan ba, kuma laburare ba ya buƙatar ya jira. Shawarar da nake bayarwa kullum ita ce a raba layin wuta gida biyu, fitilu da fankoki da saba da intanet da wurin cajin waya da laftof a ɗora su a kan sola, iyakwandishan a bar shi a layin gwamnati. Da wannan kaɗai ɗakin karatu zai kai sha biyun dare a buɗe lokacin jarrabawa, maimakon ki ga yara sun yi layi a gindin fitilar titi sauro na cizonsu. Sai dai a rubuta kuɗin canja batir a kasafi tun ranar da aka saya, a kuma sa wanda zai riƙa wanke farantan, don ƙurar hunturu tana rage musu ƙarfi sosai. Sola da yawa da kika gani ta mutu, abin da ya kashe ta kenan.

Ginin kansa ma abin dubawa ne. An koma yayin gini mai gilashi ta ko'ina da tagogin da ba sa buɗuwa, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, da an ɗauke wuta minti goma ba mai iya zama. Magina na da sun san kaurin bango da tsawon rufi da baranda mai inuwa, ki shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina ko Gidan Makama a Kano da rana tsaka za ki ji bambanci a jikinki. Laburaren ya dage a sa shi a zaman tsara gini tun daga zane, tagogi su fuskanci juna iska ta ratsa, a dasa darbejiya ta yamma. Ɗakin tsofaffin takardu ne kawai ke buƙatar sanyi mai daidaito dare da rana.

A kan kayan tallafi kuma, ba duk kyauta ake karɓa ba. Na ga kwantena guda ta littattafan da wata ƙasa ta gama da su, dokokin harajinsu na shekara talatin baya, da tsofaffin kwamfutoci da rabinsu ba sa tashi, suka cinye ɗaki guda ba a iya zubarwa saboda suna cikin rajistar kayan gwamnati. Laburare ya rubuta ƙa'idar abin da yake karɓa ya tsaya a kai.

Ɗorewa kuma ta haɗa da abin da aka tara ya tsira. A Oktoban 2016 gobara ta cinye laburaren jami'ar Jos da ke Naraguta. A Afrilun 2021 wutar daji ta shiga laburaren Jagger na jami'ar Kef Tawun a Afirka ta Kudu ta ƙone wani ɓangare na tarin nazarin Afirka. A Tumbuktu a farkon 2013 an ƙona dubban rubuce-rubuce a cibiyar Ahmad Baba, mafi yawan na garin sun tsira ne don iyalai sun yi ta kwashe su a ɓoye cikin akwatuna zuwa Bamako. Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle ita ma ta nuna mana cewa ruwa yana iya shiga gari cikin dare ɗaya. Saboda haka duk abin da aka yi wa sikanin a ajiye kwafinsa a wuri biyu ko uku, ɗaya a wata jami'ar a wani gari daban, kada a ajiye kaya masu daraja a ƙasan bene, kuma a duba tukwanen kashe gobara ko sun ƙare aiki, a koya wa masu gadi da masu shara amfani da su tunda su ne ke nan da daddare.

Rubutattun littattafan malamanmu na Larabci da ajami su ma suna cikin wannan. Akwai su a Gidan Arewa a Kaduna, da shirin binciken tarihin Arewa na jami'ar Ahmadu Bello, da laburaren Kenneth Dike a Ibadan, da cibiyar bincike ta IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, amma masu ɗimbin yawa suna gidajen malamai cikin gafaka da adudu. Iyalai suna tsoron bayarwa don an sha karɓa ba a dawo da su ba, kuma suna da gaskiya. Abin da ya dace shi ne a je har zauren da kyamara, a ɗauka a gabansu, a goge musu ƙura a saka a kwali mai kyau, a bar musu kayansu tare da kwafi, a kuma rubuta yarjejeniyar abin da suka yarda a nuna wa duniya. Da waɗannan da bayanan ruwan sama da rahotannin gundumomi da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna ne mai bincike zai fahimci yadda mutane suka rayu a yunwar Kakalaba ta 1914 ko farin 1973 da na 1984, wane iri suka koma shukawa, wane tsiro suka ci.

Gyaran al'umma kuwa daga bakin ƙofa yake farawa, wa ake bari ya shiga? Malamin sakandare da ke maƙwabtaka da jami'a, nas ɗin asibitin gari, ɗan jarida, ma'aikacin ƙaramar hukuma, yawanci mai gadi zai tare su ya ce ina katin ɗalibi. Ba zai gagara ba a yi musu katin baƙi mai sauƙin kuɗi, ko a ware musu ranar Asabar da lokacin hutu da kujeru ke zama wayam. A ajiye musu kwafin kasafin kuɗin jiha da na ƙananan hukumomi, a nuna musu yadda ake rubuta takardar neman bayani ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. A riƙa kuma koyar da yadda ake tantance labari kafin a tura, ke ma kin tuna daren Agustan 2014 da aka yi ta kiran waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola, har aka rasa rayuka, kuma masu digiri suna cikin waɗanda suka tura.

Cikin ɗaliban ma ba kowa laburaren yake yi wa adalci ba. Na sha ganin ɗalibi mai keken guragu abokansa sun ɗaga shi da keken suna hawa matakala da shi, don sashen da yake nema yana bene na biyu, wata rana in ba su nan sai ya haƙura ya koma. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara, wa'adin ya wuce. In ba kuɗin lif, a yi gangara a ƙofa a kuma ware tebur a ƙasa inda ma'aikaci zai sauko da duk littafin da aka nema. Makafi kuma akwai manhajar NVDA mai karanta abin da ke kan kwamfuta, kyauta ce, sannan yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 da Najeriya ta amince da ita a 2017 ta buɗe hanyar a mayar da littafi zuwa murya ko rubutun makafi domin su. Ga ɗalibai mata masu goyo, waɗanda ke da yawa a jami'o'inmu, ɗaki ɗaya mai tabarma da fanka inda za ta shayar ta kwantar da yaro ta yi karatu zai hana wasu ajiye digirin gaba ɗaya, haka banɗaki mai ruwa da fitila a hanyar hostel.

Kuɗi fa? Akwai kason laburare a tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, amma ya fi tafiya a gini da sayen kaya, kulawa ta yau da kullum ita ce marainiya. Akwai kuma abubuwan da ake samu kyauta ko da rahusa waɗanda ɗalibai da yawa har su gama ba su sani ba, Research4Life mai ɗauke da Hinari na lafiya da AGORA na noma da OARE na muhalli, da AJOL mai tara mujallun Afirka. Inda intanet ke wahala akwai eGranary, tarin miliyoyin takardu a faifai ɗaya da ke aiki ba tare da data ba, wanda tunaninsa ma ya samo asali ne daga wahalar intanet da wani malami Ba'amurke ya gani a jami'ar Jos wajen 1999.

Game da firojet ɗin naki, ina roƙonki kar ki tsaya a raba takardar tambayoyi ta na yarda, ban yarda ba. Ki zaɓi laburare ɗaya ki zauna a cikinsa. Ki ƙirga kundaye nawa ke ɗakin ajiya da nawa aka ɗora a intanet, ki gwada buɗe rumbun da wayarki daga gida ki ga ko yana aiki. Ki tambayi awa nawa ake samun wuta a ɗakin karatu a sati, nawa ake kashewa a dizal, yaushe aka canja batir. Ki tambayi mutum nawa daga wajen jami'a suka yi rajista bara, ki zauna da ɗalibai makafi da masu keke da masu goyo ki ji ta bakinsu. Sannan ki ɗauki kundi biyu ko uku da aka yi a kan wani gari da ke kusa, ki taƙaita su da Hausa, ki kai wa mai unguwa ko malamin gona ko shugabar asibitin garin, ki rubuta abin da suka ce. Ki fara nuna wa sufabaizanki wannan tsarin kafin ki shiga, kuma ki nemi izinin shugaban laburaren a rubuce don wasu alƙaluman ba za a ba ki su da baki ba. Allah ya ba da sa'a, in kin kai babi na uku kina da wata tambayar ki turo.